Tafin Baffa Sekonaia

Kadavu, watan Nuwamba

Zuwa ga mijina, Baban Waisake,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Yaya aikin mayanka a Ostareliya, yaya yatsan da ka yanke? Kada ka ce mini ya warke, na san halinka. Mu nan lafiya lau, in ban da teku.

Takarda na zaɓa don wayarmu ba ta ɗaukar doguwar magana. Ruwa ya cinye bishiyar kwakwar bakin maƙabarta. Tsakaninsa da kabarin ɗanmu Waisake yanzu bai fi tsawon kwalekwale ba. Kullum da safe nakan je in duba, sannan in wuce makaranta in koyar da 'ya'yan mutane kamar ba komai.

Na sake roƙon dattawa a mayar da kaburbura kan tudu. Tsoho Apakuki, mai magana da yawun dangi, ya ce ba mai taɓa ƙasar maƙabarta sai an miƙa wa shugaban dangi saiwar yangona, wadda ake jiƙawa a sha a taron al'ada, a gaban jama'a, ya karɓa. To shugaban, Baffanka Sekonaia, yana Auckland wajen 'yarsa Litiana. Tun da aka yi masa aikin maƙogwaro ba shi da murya, likita kuma ya hana shi hawa jirgi. Na ce a yi taron ta kwamfuta. Apakuki ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Malama, tunda ke kika san kan akwatin aljanun nan, ai sai ki zaɓo mana."

Manhaja uku na gwada. Ta farko tana yanke taro kafin awa guda, kai kuwa ka san a awa guda Apakuki bai gama jero kakanni ba. Ta biyu ta lacca ce, mai kiran taro ne yake buɗe bakin wanda ya ga dama. Ka ji fa, ni da aka auro daga Rewa in riƙa rufe bakin dattawan garinku! Ta uku tana aiki ko sabis ya yi rauni, kuma tana tace hayaniya. Na gwada ta da Litiana, ga igiyar ruwa ga zakarun Innarka, amma muryata kawai ta ji. Ita na ɗauka. Ka sa mu a addu'a.

Taka,
Salanieta

Kadavu, watan Disamba

Baban Waisake,

Ina gaishe ka, ina gaida abokan aikinka. Inna ta ce ka riƙa cin abinci.

An yi taron, kuma bai yi kyau ba. Mun ɗora kwamfutar a kan kujera a saman zaure, don kada kan kowa ya ɗara na Baffa. Kowa ya zauna a tabarma. Sai hadari ya taso, hoto ya fara daskarewa, dole na kashe hoton aka bar murya. Apakuki ya durƙusa da saiwar a hannu, ya yi roƙon da ban taɓa jin mai kyawunsa ba. Har sunan Waisake ya ambata. Ya gama, muka zuba kunne muna jiran tafin nan uku na karɓa. Shiru. Ya maimaita roƙon tun daga farko. Shiru. Ya ajiye saiwar, ya ce, "Shugaba bai karɓa ba." Aka watse.

Ban kai gida ba Litiana ta kira tana kuka. Ta ce, "Sala, wallahi Baba ya tafa, ya tafa har hannunsa ya yi ja!" Tana zaune a bayansa, amma ka san mace ba ta tsoma baki ana miƙa yangona. Ashe manhajar ce ta ɗauki tafin shugaban danginku a matsayin hayaniya, ta tace shi tare da kukan zakaru. Abin da na zaɓe ta dominsa shi ya ci mu.

Na je na yi wa Apakuki bayani. Ya ce, "'Yata, tafin da kunnen dangi bai ji ba, ba tafi ba ne. In muka yarda, gobe wani zai ce shugaba ya ba shi gona a cikin akwati." Na ji haushinsa. Sun ce a sake bayan sabuwar shekara, in maza sun dawo daga Suva. Na gano inda ake kashe matatar, ɗan maɓalli ne da bai kai ƙwayar shinkafa ba.

Taka,
Salanieta

Kadavu, watan Janairu

Baban Waisake,

Ina yi maka ta'aziyyar Baffa. Allah ya ji ƙansa, ya ba ka haƙuri. Ina fatan jikinka lafiya.

Ka tambaye ni abin da ya rage, to ba zan ɓoye maka ba. Ba za a naɗa sabon shugaba ba sai an cika dare ɗari na makoki, babbar cikar teku kuwa a wata mai zuwa take. Duwatsun gefen kabarin sun fara zamewa. Na tara wasu, washegari babu ko ɗaya. Ka ce za ka ajiye aiki ka zo ka haƙa da hannunka. Kada ka zo. Yayyenka ne za su tsaya a gabanka, ka rasa ɗa ka rasa dangi.

Litiana ta turo mini bidiyon da ta ɗauka da wayarta ranar taron. Ga Baffa a ƙasa, ya harɗe ƙafa, yana tafawa, yana waiwayowa yana dubanta, yana sake tafawa. Ana jin tafin ras. Na kai wa Apakuki. Ya kalla har hawaye ya zubo masa, sannan ya ce izinin ya tafi tare da mai shi.

Na gaji, Baban Waisake. Na daina tara duwatsu. Jiya na je na zauna a gefen yaron, na ƙure ƙarar wayar, na kunna masa tafin, don ya san kakansa bai ƙi shi ba. Ban sani ba ko ya ji. Teku ta fi wayar ƙara.

Ka huta lafiya.

Taka har kullum,
Maman Waisake