Na ce wa Yayana motar lafiyarta lau

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe da mai kula da wannan shafi da duk masu karantawa, ina fatan kowa lafiya, ya iyali, ya haƙuri da wannan tsadar. Don Allah a ɓoye sunana. Masu sharhi kuma ku tausaya mini, domin zagin da nake yi wa kaina ya fi duk wanda za ku yi mini.

Ni 'yar Masanawa ce a ƙasar Kabo, aure ya kawo ni Gwarzo, 'ya'yana biyu. Mahaifinmu malami ne, Baba Malam muke ce masa. Maigidana dillalin motoci ne na hannu. Ina da wa, uwa ɗaya uba ɗaya, yana noma da damina, da rani yana ɗaukar fasinja zuwa Kano. Tunda mai ya yi tsada ya jingine tsohuwar motarsa, domin sai ya wuni a hanya ya dawo gida ba ko na cefane.

Kwanakin baya maigidana ya kawo wata mota irin wadda ake kira haibirid, mai aiki da fetur da kuma babban batir. Kyakkyawa ce, ba ƙara, in tana tafiya a hankali ba ka ma jin ta. Ranar nan muka shiga mu je bikin suna a garin Kara, ni da yaran a baya. A hanyar dawowa sai na ji kujerar da muke kai ta ɗau zafi, ga wari kamar ana ƙona roba. Wata jar fitila ta kama a gabansa, motar ta mutu. Ya ce mu fita maza. Da ya ɗaga kujerar na gani da idona, busasshen taɓo ne da tsatsa lulluɓe da batirin, wani siririn hayaƙi yana fita. A nan 'ya'yana suka zauna tun daga Gwarzo.

Ya kai ta Kano. Da ya dawo shi da kansa ya gaya mini cewa mai gyara ya ce motar ta sha ambaliya tun a can ƙasar da aka sayo ta, sai an canza batirin gaba ɗaya, in ba haka ba wata rana tana iya kamawa da wuta. Sabon batir kuma ya fi ƙarfinsa. Sai ya sa aka wanke wurin, aka kashe fitilar nan da na'ura. Na ɗauka mayar da ita zai yi. Ban ankara ba sai ji na yi Yaya ya ga motar yana so, kuma maigidana bai hana shi ba.

Na same shi na ce ya ji tsoron Allah, ɗan'uwana ne. Ya ce jarinsa kaf yana cikin motar nan, masu gyara kuma sun saba tsorata mutane, ba abin da zai faru. Da na matsa sai ya dube ni ya ce, "In kika faɗa wa wani naku maganar batirin nan, a bakin aurenki." Jama'a, igiya ɗaya ta rage tsakaninmu. Kun san abin da wannan kalmar take nufi a shari'a.

Aka zauna kan maganar cinikin a zauren Baba Malam bayan la'asar, ni ma na je, ina cikin gida ina jiyo su. Kawunmu bai so ba. Ya ce duk Gwarzo da Kabo wa ya iya gyaran irin wannan? In ta lalace sai an ja ta zuwa Kano, ga ta ƙasa-ƙasa, ga hanyoyin ƙauye da damina duk ruwa. Yaya ya ce duk ya san wannan, amma ya gwada ta, man da tsohuwar take sha zuwa kawai, wannan da shi za ta je ta dawo, ga sanyin tafiya, fasinja za su so ta. Ya ce zai sayar da shanun huɗarsa da dawar da ya ajiye. Baba Malam ya ce shi bai san mota ba, abin da ya sani shi ne haramun ne mai sayarwa ya ɓoye aibin kayansa, ya tambayi surukinsa ko tana da wani aibi. Na ji muryar mijina yana cewa sai ɗan karcewa a ƙofar baya.

Daga nan Yaya ya shigo ya same ni ina tankaɗe a gaban Inna, mahaifiyarmu. Ya tsuguna ya ce, "Auta, ke kin shige ta. Tsakaninki da Allah, ya kika gan ta?" Na kasa ɗaga kai. Na ce, "Lafiyarta lau, Yaya." Ya yi murmushi ya ce shi ke nan, hankalinsa ya kwanta.

Tun ranar ban ƙara cin abinci ya zauna mini ba. In na ji warin leda a murhu sai gabana ya faɗi. Wa zai zauna a wannan kujera? Matar wani mai ciki? Tsohon da ba zai iya fita da sauri ba? In wuta ta tashi a tsakiyar hanya, me zan ce wa Allah, ni da na ga hayaƙin da idona? Ko da ba ta kama ba, in batirin ya mutu Yaya ba shanu, ba hatsi, ba mota, da me zai shiga damina? In kuma na yi magana, na saki kaina da bakina, saki na ƙarshe, ba damar komawa ɗakina. 'Ya'yana fa? Kuma mijina ba mugu ba ne a da, wallahi tsoron talauci ne ya mayar da shi haka, ina ganin yadda shi ma ya rame.

Na yi tunanin in tura wata ta faɗa, to ai ni ce na faɗa mata. Na yi tunanin in ce wa Yaya kawai ya kai ta wurin wani mai gyara a Kano kafin ya biya, ban sani ba ko hakan ma ya shiga cikin sharaɗin. Malamin da zan tambaya in yarda da amsarsa shi ne mahaifina, shi kuma in na tambaye shi ai na faɗa wa wani namu ke nan.

Jiya an kai shanun kasuwa. Ranar Juma'a bayan masallaci za a ba Yaya makulli, har ya kira ni ya ce in shirya yaran, mu zai fara ɗauka mu je gaida Inna.

Don girman Allah, malamai da iyaye mata da ke wannan shafi, ku amsa mini kafin Juma'a. Me zan yi?