Albarushin Sanyi

General Acha, La Pampa, Agusta 1986

Zuwa ga 'yata Nélida,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da mijin naki mai ƙarancin magana. Mu nan sanyi ya hana tsofaffi sakat, ruwan kwatamin dawakai sai an fasa shi da gatari da safe.

Direban da ya kawo miki wannan takarda yana ɗauke da doguwar jaka. Bindiga ce, na ƙera wa mijinki Hilario. Na ji an ce har yanzu da tsohuwar bindigar maigidansa yake tsayawa bayan baƙi in sun shiga farautar ɓauna, abin da ko ɓera ba zai yi wa kwarjini ba. Surukin Evaristo Larralde ba zai riƙa aron bindiga ba ina raye.

Ki gaya masa kada ya wahalar da kansa neman harsashinta a kanti, babu shi ko'ina a duniya sai a teburina. Kwanson babban harsashin Turawan Ingila na ɗauka, na buɗe masa wuya, na miƙar masa da kafaɗa don ya ci albarushi da yawa, sannan na huda bututun bindigar daidai da shi. Littafi ya ce a tsaya a wani ma'auni. Ni kuwa na girmi littafin, na ƙara kaɗan, na sake ƙarawa. Na gwada shi da sassafe a bayan gari, raɓa ta daskare a kan ciyawa, ya ratsa kututturen itace kamar wuƙa a man shanu. Abokaina na ƙungiyar mafarauta sun riƙe baki. Tulio mai kantin magani ya ce, "Kai tsoho, ɓauna za a kashe da wannan ko jirgin ƙasa?"

Ku tuna da dokata. Duk kwanson da aka harba a tsince shi a dawo mini da shi in sake cikawa, ba a zubar da tagulla a daji.

Allah ya yi miki albarka.

Ubanki,
Evaristo


Mercedes, Corrientes, Fabrairu 1987

Baba,

Ina gaishe ka da girmamawa, da fatan ƙafarka ta yi sauƙi. Mu dai babu lafiya a gidan nan, ko da yake ba wanda ke kwance.

Ranar Asabar ta makon jiya wani baƙo ɗan Sifen ya harbi ɓauna a bakin fadama, bai same ta inda ya kamata ba. Ta shige cikin dogayen ciyayi da raunin. Tsakar rana ce, zafin da ko ƙadangare ya nemi inuwa. Hilario ya bi ta da bindigar da ka aiko masa, Eleuterio yana gefensa a ƙasa yana duba jini. Ka san Eleuterio, dattijon nan mai kula da dawakai, wanda ya gasa mana rago ranar aurena. Ɓaunar ta fito musu a guje. Hilario ya harba ya same ta a ƙirji, ba ta faɗi ba. Ya kama sakatar bindiga zai ja ya sa na biyu, sakata ta ƙi ɗaguwa. Kafin ya yi wani abu ta ɗebi Eleuterio da ƙaho ta murƙushe shi a ƙasa. Ta mutu a kansa daga baya. Jiya likita ya yanke masa ƙafar dama daga gwiwa.

Maigidansa Don Basualdo, mai gonar da ake farautar, ya ɗauki bindigar da yamma bayan ta huce, ya ja sakata ta buɗe. A gaban dukan ma'aikata ya ce, "Ga ta nan lafiya lau. Ba bindiga ce ta cije ba, hannunka ne ya mutu. Wanda ya ji tsoro ya ce ya ji tsoro mana." Ya sallame shi. Yanzu duk gidajen gonar da ke kewaye sun ji labari, ba wanda zai ba shi baƙo.

Abin da ya fi damuna, Baba, Hilario ya yarda. Na kai masa shayin mate da safe, ya bar shi ya huce a hannunsa, ya ce, "Nélida, bindigar tsohon nan ba ta ƙarya. In ba ita ba ce, to ni ne. Ina jin kamar na ja, amma wa ya sani? Wataƙila tsayawa na yi kawai ina kallo." Mutumin da tun yana yaro yake bin ɓauna.

Duk da haka bai manta dokarka ba. Shi ya karɓo kwanson daga hannun Don Basualdo, ya ce in aiko maka. Ga shi a cikin ƙullin tsumma.

Ka sa mu a addu'a.

'Yarka,
Nélida


General Acha, Maris 1987

'Yata Nélida,

Na gaishe ki, na gai da Hilario. Takardarki ta iso, na karanta, na sake karantawa. Allah ya ba Eleuterio haƙuri, mutumin kirki ne, bai cancanci haka ba.

Ɓauna dabba ce mai taurin rai, kowa ya sani. Na san waɗanda suka zuba mata harsashi har bindiga ta ƙare tana tafe. Abin da Allah ya rubuta ba makawa. Basualdo kuwa tun yana saurayi bakinsa ya fi hankalinsa gudu, kada Hilario ya sa maganarsa a rai.

Ga shawarata. Ku tattaro ku dawo nan. Idona ya fara rauni, ina bukatar mai hannu a shago, kuma ɗakin bayan nan babu kowa a ciki. Zan koya wa Hilario sana'a, a nan ba wanda ya san abin da ya faru. Sauran harsasan da ke wurinsa kuma ki tattara su ki ɓoye a wuri mai sanyi, kada ya taɓa su. Ba don komai ba, dama ina so in sake duba su.

Kwanson ya iso. Na ajiye shi.

Kwanakin nan abinci ba ya shiga mini. Tulio ya ce ciwon ciki ne, ya ba ni wani farin gari mai ɗaci, bai yi mini komai ba. Shekaranjiya na zauna zan auna albarushin wani mai farautar barewa, na kasa, sai na rufe shago na tafi coci, ni da rabona da coci tun jana'izar mahaifiyarki.

Ki rubuto ki faɗa mini ranar da za ku taso.

Ubanki,
Evaristo


Mercedes, Maris 1987

Baba,

Ina gaisuwa. Ka yafe mini abin da zan faɗa, ban taɓa ɗaga maka murya ba, kuma ba zan fara yau ba.

"Na ajiye shi." Iyakar abin da za ka ce ke nan? Ni ce fa Nélida. A ƙarƙashin teburinka na yi rarrafe, da kwanson harsashi na koyi ƙirga. Kai ka koya mini juya shi in duba gindinsa. Kafin in ƙulle shi a tsumma na duba. Ɗan maɓallin da ke kama wuta ya baje ya yi lebur, gefen tagullar ya goge yana ƙyalli inda sakata ta ci shi, rubutun ma ya shafe. Kai ka ce mini in na ga haka, albarushi ya fi ƙarfin bindiga, kwanso ya kumbura ya manne. Ka auna shi a sanyin Agusta, aka harba shi a zafin Fabrairu. Na aiko maka ne don ka faɗa da bakinka. Sai ka ce mu gudo mu ɓuya a ɗakin baya.

Ba na jin daɗin kaina ni ma. Da safiyar ranar ni na ɗauko masa akwatin harsasan, na ɗora a gaban mota ƙarƙashin gilashi don kada ya manta. Suka kai har tsakar rana suna dahuwa, ni da na san abin da zafi ke yi wa albarushi. Ban gaya masa ba har yau. Kullum na buɗe baki sai in tuna in na faɗi nawa dole in faɗi naka, sai in tashi in kama shara.

Hilario kullum yana asibiti. Shi ke yi wa Eleuterio wanka, shi ke juya shi. Jiya na kai musu abinci na ji yana cewa, "Ni na cinye maka ƙafa, dattijo." Eleuterio ya ce, "Kai rufe mana baki, ɓauna ce ta cinye, kai ko naman gashi ba ka iya cinyewa. Miƙo mini taba." Ya yi dariya, Hilario bai yi ba. Ya sayar da sirdinsa. Ya ce zai tafi Buenos Aires ya yi dako a tashar jirgin ruwa, wai can ba ran kowa a hannunsa.

Na san sunanka shi ne duk abin da ka tara a duniya, Baba. Shi ma nasa sunan ne kawai yake da shi.

'Yarka mai ƙaunarka duk da haka,
Nélida


General Acha, Afrilu 1987

Zuwa ga Hilario,

Gaisuwa, in za ka karɓa. Ban taɓa rubuto maka ba tun da ka auri 'yata, kuma abin kunya ne a ce wannan ce ta farko.

Hannunka bai mutu ba. Ka ja sakata, ka ja da ƙarfinka, ƙato uku ma ba za su ɗaga ta ba. Na sani tun ranar da na kwance tsumman nan na ga gindin kwanson. Na sani, na rufe shi a aljihun tebur, na zauna na rubuta wa matarka labarin taurin ran ɓauna.

Makon jiya na ɗora ragowar harsasan da ke wurina a kan kwanon rufin shago har suka yi zafi, na sa ɗaya a wata bindiga irin taka sak da na ƙera wa kaina, na harba. Da guduma ta katako na buɗe sakatar. Littafi ya ce in tsaya, girman kai ya ce in ƙara, don in nuna maka surukinka ya fi Turawa iya aiki. Garin neman gira na rasa ido, sai dai ba idona ba ne ya tafi, ƙafar Eleuterio ce.

Ranar Juma'a na tashi a ƙungiyar mafarauta ana tsakiyar cin nama, na faɗa musu duka. Tulio ya ce, "Zauna, Evaristo, ka sha giya da yawa." Na ce ban sha ko ɗigo ba. Washegari mutane suka fara dawo mini da harsasansu, wasu ba su ma shigo ba, a bakin ƙofa suka ajiye. Ban ga laifinsu ba. Na rubuta wa Basualdo, na sa masa kwanson a ciki, na ce ya kai wa duk maƙerin bindigar da ya yarda da shi ya karanta masa. Na roƙe shi ya faɗa a gaban ma'aikatan da ya ci mutuncinka a gabansu.

In wani ya ce maka zafin mota ne ko wurin ajiya, kada ka saurare shi. Harsashin kirki ba ya tsoron rana. Laifin nawa ne ni kaɗai.

Akwai takarda ta biyu a ciki, ta Eleuterio ce. Ka taimaka ka ba shi.

Ban ce ka yafe mini ba, ban kai can ba tukuna.

Evaristo Larralde


Mercedes, Afrilu 1987

Don Evaristo,

Na gaishe ka. Saƙo ya iso.

Don Basualdo ya tara mutane ya faɗa. Ya ce in koma aiki, ban yanke shawara ba. Nélida ma ta faɗa mini nata, ba sai ka rufa mata ba.

Albarushin ban riƙe ka da shi ba, kowa yana kuskuren awo. Makonnin nan da ka bar ni ina kallon hannuna ina tsanarsa, su ne ban san yadda zan yi da su ba.

Eleuterio bai iya karatu ba. Na ce in karanta masa, ya ce a'a. Ya ce, "Gaya wa tsohon ya zo da bakinsa, takarda ba ta kallon mutum a ido. Ni dai ya san ba inda zan je."

Motar La Pampa tana isowa ranar Asabar. Zan tarye ka a tasha. Ban san abin da zan ce maka ba tukuna, amma zan zo.

Surukinka,
Hilario