Wuƙar Baba Ta Shiga Inji

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna, ya aiki a maƙera? Ni lafiya lau, 'yar rama ce kawai, kada ku damu.

Yaya, na yi ɓarna. Ka tuna wuƙar da Baba ya ƙera mini ranar tafiyata? Maigidanmu a masana'anta ya yaba ta, ni kuma garin neman shiga na ba shi aro. Suka auna ta da kwamfuta, inji ya yanko irinta kafin in gama wanke hannu. Har 'yar lanƙwasar mariƙi da Baba ke yi tun da yatsansa ya karye, sai da ta fito. Yanzu dubu ake fitarwa kullum, ni aikina sharar garin ƙarfe. Na roƙi maigida har da durƙuso, ya ce zane ya zama nasu.

Jiya na ga kwalayen da za a tura kasuwarmu.

Don Allah ka gaya wa Baba kafin wani mahauci ya miƙa masa ita. Ni na kasa. Yana taɓa mariƙin zai san daga hannun wa ta fita.

Allah ya ƙara wa Inna lafiya.

Ƙaninka.