Gurmin Kawu ya gagare ni

Salama gare ku ƴan uwa, admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, na kai maƙura.

Ni ɗan lise ne, wato babbar sakandare, a Tasawa, garinmu wani ƙauye ne kusa da Kona. Tun ina yaro Kawuna, yayan mahaifiyata, shi ke kaɗa gurmi a ƴar majami'armu. Yana da wata waƙa da ya tsara da kansa, ba a yin ta sai ranar godiyar kaka, sa'ad da kowa ke shigowa da damin geronsa a ka. Ba wanda ya taɓa ɗaukar ta a waya, duk muna ganin ai Kawu na nan.

Farkon damina ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ma ta tafi. Da na zo hutu na ɗauki gurmin, na fara koyo har yatsuna suka yi kanta. Farkon waƙar ya zauna, ƙarshen ma haka, amma a tsakiya akwai inda muryoyi ke yin shiru, gurmi ya juya shi kaɗai, nan ne na kasa. In na kaɗa a gabansa sai ya girgiza kai, ya juya fuska bango.

Har dabara muka yi, shi ya danna tsirkiya da hagunsa mai lafiya, ni ina kaɗawa. Sautin ya fito, amma ba waƙar ba ce. Ashe juyin duk a hannun dama yake.

Jiya matarsa, Inna, ta yi mini tatas, ta ce duk ranar da na zo da gurmin nan Kawu ba ya cin tuwo, in bar tsoho ya huta. Shugaban mawaƙa kuma ya ce bana kaset na wasu waƙoƙi za su sa a lasifika, kar in kunyata su. Ban ga laifinsu ba, ni ma kunnena ya gaji da ni.

Ga shi an fara yankan gero, ga makaranta ta kusa komawa. Na yi niyyar bari, na rataye gurmin a ɗakin Kawu. Yau da safe na tarar ya jawo shi da sandarsa, ya ajiye a inda nake zama.

Ku gaya mini, in ci gaba ina hana shi cin abinci, ko in bari waƙar ta bi hannunsa?