Mama, Na Haɗa Arak da Ruwan Inabi

Zuwa ga mahaifiyata,

Gaisuwa mai yawa daga Dubai. Na san ba za ki karanta wannan ba, amma wa zan ba labarin giya in ba ke ba, wadda duk unguwarmu a Zonkwa ta sha burkutunta?

Gida lafiya. Baba yana nan da mitarsa, Yakubu ya yi aure, tukwanenki kuma Inna Laraba ta kwashe, wai ajiya.

Ga labarin. Tun zuwana kofuna nake wankewa a otal. Sai shugabanmu, wani ɗan Labanon, ya ce akwai gurbi a wajen haɗa abin sha, duk mai so ya kawo haɗin kansa a ɗanɗana. In na faɗi, na koma bakin famfo ke nan, ga hannuwana duk sun tsattsage.

Na sayo arak, giyarsu mai ƙamshin wani iri da suke kira yansun, da kwalbar jan ruwan inabi, na baje a ɗan kicin ɗinmu na unguwar Al Rigga. Arak ɗin garau yake kamar ruwa. Ina zuba shi cikin inabin sai ya gauraye ya yi duhu-duhu. Mama, kalar burkutunki sak! Na tsaya ina dariya ni kaɗai.

Matsalar ita ce awo. Da idonki na auna, irin na cika ƙwarya a ba baƙo ya ƙoshi. Ashe arak ba dawa ba ce. Rifkatu, abokiyar zamana, ta sha kofi guda, ta tashi ta rera mini waƙoƙin zumuntar mata na coci kaf, har ta kira kawunta a waya ta yafe masa laifin da bai san ya yi ba.

Washegari na rage hannu. Arak kaɗan, inabi da yawa, ƙanƙara, sai ruwan tsamiya da 'yar citta, domin ke kika ce abin sha marar tsami ba ya kiran na biyu. Kin san duk lokacin da kike korata daga gindin murhu ina laɓe ina kallon hannunki? Ban taɓa gaya miki ba, babu wanda ya taɓa burge ni kamarki. Ina kewarki sosai.

Shugaban ya kurɓa, sannan ya miƙo kofin a ƙara masa. Na samu aikin, Mama.

Ya ce haɗin yana bukatar suna, na ba shi naki. Yanzu kowace yamma sai wani da bai taɓa jin labarin garinmu ba ya ɗaga hannu ya kira Saratu, ni kuma in amsa.

Ki huta lafiya, sai mun haɗu.

'Yarki ta ƙarshe,
Hannatu