Na Saya Wa 'Yata Kyamara Don In Leƙa Sirrinta

Assalamu alaikum Hajiya mai wannan shafi, da ku masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma kafin a zage ni a karanta har ƙarshe, don na riga kowa zagin kaina.

Ni ɗan kasuwar hatsi ne a Dutsin-Ma. Ina da 'ya mai shekara sha bakwai, bari in kira ta Safiya. Mun rabu da uwarta tun tana 'yar shekara bakwai, uwar ta koma garinsu Tamawa ta wajen Kurfi, ni na riƙe yarinyar. Tun da ta gama sakandare ba ta da aiki sai ɗaukar hoto da tsohuwar wayata, daga kaji sai ƙannenta suna cin tuwo, kowa na yaba mata. Ni kuwa abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Duk Asabar sai ta ce za ta Kurfi gidan ƙawarta, ta dawo da la'asar idonta jawur. Wace irin ƙawa ce ake dawowa daga wurinta da jan ido? Me ya sa in na shigo take kife waya? Zuciyata ta ce mini namiji ne.

Da na shiga Katsina sai na biya shagon masu kyamara. Mai shagon ya ajiye mini guda biyu ya ce, "Alhaji, mai koyo ƙarama marar nauyi ta fi masa, wadda ke daidaita haske da kanta. Wannan ta fi fitar da hoto tas, amma waccan tana da waifai, hoto zai taso daga cikinta ya faɗo waya ba sai an zare kati ba." Na ce, "Kowace waya?" Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Duk wadda aka haɗa da ita." Na bar mai kyan hoton na ɗauki mai waifai, na sa ya haɗa ta da wayata nan take. Ranar da na miƙa wa Safiya, durƙusawa ta yi tana hawaye tana cewa, "Baba, ashe kana lura da ni?" Na ce Allah ya yi miki albarka, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Asabar ɗin farko da ta dawo, ta jona kyamarar a caji a falo ta shiga madafa. Na kunna ta, na koma zaure, hotuna suka fara shigowa wayata. Hanya, gonar dawa, sai wani mutum a kan babur ya ba da baya. Raina ya ɓaci, na ce to ga shi nan. A hoto na gaba ya juyo, gemu duk furfura, ashe kawunta ne, yayan uwarta. Sai kuma wata mata a kan tabarma jingine da bango, ta rame har ƙashin wuyanta ya fito, ga ledar magunguna a gefenta. Sai da na jawo fuskar kusa sannan na gane ta. Uwar Safiya ce. Safiya ta ɗauke ta hoto tana shan koko, tana dariya, tana barci, kamar mai tsoron kada ta ƙare mata.

Ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Shekara goma ina gaya wa yarinyar nan uwarta ba ta taɓa nemanta ba. Ƙarya nake. Ta aiko da atamfa da ƙuli-ƙuli na mayar mata. Sau biyu ta zo har ƙofar gida, na ce Safiya ba ta nan, alhali tana ciki tana wanke-wanke.

Yanzu na rasa sukuni. Safiya tana gaishe ni, tana kawo mini abinci kamar kullum, wannan shirun ne ma ke ba ni tsoro. Uwar ta gaya mata ne? Tun yaushe? Shekaranjiya ta ce, "Baba, da na zo haɗa kyamarar nan da wayata, na ga sunan wata waya a ciki." Na ce ƙila ta mai shago ce. Ta ce, "To, Baba," amma ta daɗe tana kallona. Jiya kuma ta ajiye kyamarar daidai kan kujerar da nake zama, ta fita maƙwabta. Mantuwa ce ko gwada ni take? Ban taɓa ta ba, na zauna a ƙasa ina kallonta har aka kira magariba.

In na ce mata ta shirya mu je mu duba uwarta, za ta tambaye ni ta yaya na sani. In na yi shiru, yadda na ga jikin matar nan ba lallai in same ta da rai in nemi gafara ba. Jama'a, ku dubi girman Allah ku gaya mini gaskiya ko da za ta yi mini ɗaci. Me zan yi?