Amfilifayar da ke ɗauke da sunan Mama Ogochukwu

Anti Yemima, don girman Allah ki taimake ni da shawara. Kaina ya ɗauki zafi, kuma na gaji da masu ce mini in yi haƙuri.

Ni malamar firamare ce a nan Kafanchan, kuma ni ke kaɗa jita mai lantarki a ƙungiyar mawaƙan cocinmu. Tun ina budurwa nake kaɗawa, tun ana leƙowa ta taga a ga macen da ta rataya jita. Damuwata ita ce amfilifaya, akwatin nan da nake jona jitar don sauti ya fita. Anti, ta girme ni a hidimar coci. Da an kunna ta sai ta hau gurnani kamar injin niƙa tun ban taɓa komai ba. Ran da ta ga dama ta kamo rediyo. Wata Lahadi ana tsakiyar addu'a sai ga labarin ƙwallo, yara suka fashe da dariya, ni kuwa kamar in nutse. Duk wannan zan jure. Abin da ba zan jure ba wuta ce. Tun da damina ta shigo take fizgata a yatsu. Kwanan baya ta fizge ni har na saki jitar, washegari ko alli ban iya riƙewa ba. Yafet mai gyaran rediyo ya buɗe ta ya rufe, ya ce cikinta ya gama, gyara ɓata lokaci ne.

Sai na ɗaura ɗamara. Da gumina na je Kaduna na sayo sabuwa, sautinta garau, ba nauyi. Tana ɗakina na lulluɓe ta da zane, kuma na ƙudura da ita zan yi bikin godiyar girbi na bana.

To ga matsalar. Tsohuwar kyauta ce daga Baba Aloysius, tsohon ma'aikacin reluwe, Ibo ne amma a garin nan ya tsufa, Hausarsa ta fi tawa. Ya ba da ita ne bayan rasuwar matarsa, Mama Ogochukwu, wadda ita ke ba da waƙa a zamaninta, aka rubuta sunanta da farin fenti a gaba. A cocinmu kuwa, abin da aka bayar da sunan mamaci ba a gusar da shi daga wurinsa muddin mai bayarwa na raye. Akwai agogon bango da ya tsaya tun ina yarinya, har yau yana nan yana nuna mana ƙaryar lokaci. Yanzu kunnen Baba ya yi nauyi ƙwarai. Kowace Lahadi sai ya bar bencin dattawa, ya jawo kujerar roba kusa da amfilifayar, ya ɗora tafin hannunsa a kanta, ya rufe ido yana gyaɗa kai har mu gama.

Shugaban mawaƙanmu, Malam Andrawus, ya ce Baba gadin sunan matarsa yake yi, wai in na cire ta kamar na sake binne Mama ne a gabansa. Shawararsa ita ce in sa silifas na roba in tsaya a kan katako. Ki ji fa, Anti, ni mai 'ya'ya! Wasu kuma suka ce in kawo sabuwar a ɓoye, in ce tsohuwar ta mutu da kanta. Ba zan iya yi wa Baba ƙarya ba. 'Yata yake kirana, kuma shi ya tsaya mini lokacin da ake cewa jita ba aikin mace ba ne. Ina ƙaunar tsohon nan har raina. Amma sabuwar nan sai ta shiga coci, wannan na gama yankewa. Ta yaya zan yi ban karya zuciyarsa ba?

Mai Jita, Kafanchan

Ƙanwata Mai Jita,

Da farko, kada ki sake jona tsohuwar nan, ko na Lahadi ɗaya. A nan ina bayanki ɗari bisa ɗari.

Amma kada ki raina Malam Andrawus. Al'adar da yake karewa ita ke sa tsoho ya shigo coci ya ga ba a manta da nasa ba, ke ma wata rana za ki so hakan. Inda ya kuskure daban ne. Ki sake karanta wasiƙarki: kin ce akwatin yana fizgarki, kin kuma ce dattijo yana ɗora masa hannu tsirara kowane mako. An tanadar miki silifas da katako. Shi me aka tanadar masa?

Sannan ban tsammanin gadin suna yake yi. Mai gadin suna gaba yake zama, inda zai ga rubutun. Wanda kunnensa ya gaza, ya ɗora hannu, ya rufe ido, kansa na bin kiɗa, ina jin da hannun yake sauraronki. Wataƙila na yi kuskure, shi ya sa shi za a tambaya, maimakon kowa ya yi ta yanke hukunci a madadinsa.

Ki je gidansa, ba bakin ƙofar coci ba, ki tafi da Malam Andrawus. Ki gaya masa gaskiya duka, har da ranar da kika kasa riƙe alli. Al'adarku ta ce kada a gusar da kyauta, ba ta ce lallai a kunna ta ba, agogonku shaida ne. A sa Yafet ya cire mata waya, ta zauna a wurinta da sunan Mama, sabuwar kuma a gefenta, daidai inda hannun Baba zai kai. Yana iya ɓata rai. In ya yi, ki durƙusa ki ba shi haƙuri, ki ba shi lokaci, amma waya ba za ta koma ba.

Ki ɗauki jitar da sabuwar ki tafi da su ranar. Ki jona a tsakar gidansa, ki ƙara kaurin sautin, ki kaɗa waƙar da Mama ta fi bayarwa, ki matsar da akwatin kusa da gwiwarsa. Kada ki tambaye shi ko ya ji. Ki zuba wa hannunsa ido.

Allah ya tsare yatsunki, ya tsare tafin hannun Baba, ya nuna muku bikin girbi lafiya.

Anti Yemima